Oba-oban gwanjo daga harajin Jidda: kes ɗin GP340, injin GP328

Yadda abun yake tun farko

Mutumin da ya sayi oba-oban nan Bahaushe ne haifaffen Jidda, iyayensa ne suka zo aikin hajji tun da daɗewa suka zauna, shi kuma yanzu ya haura arba'in, aikinsa kula da lodi a wani mustauda, wato sito, na kayan abinci can Khumra kudancin gari inda manyan sito suke. Shinkafa, sukari, man girki, madarar gari, irin kayan nan da treloli ke kwasowa daga tashar jirgin ruwa. Ginin kankare ne da rufin ƙarfe, tsawonsa zai kai mita 120, ciki cike da kantocin ƙarfe har sama, idan ka shiga can ƙuryar jawwal, wato wayar hannu, sai a hankali, kira ya shiga ya katse.

Kamfanin na da oba-oba guda huɗu, Kenwood TK-3207, masu tasha 16, UHF ne (zangon firikwensin rediyo ke nan, akwai kuma VHF da ke ƙasa da shi), wani kamfanin sadarwa ya yi musu saiti shekarun baya kuma akwai takardar lasisi a ofis. Ɗaya na hannun mudir, wato manaja, ɗaya mai gadin ƙofa, biyu na direbobin foklif. Shi da yake tsakiyar aikin, wanda kowa ke nema, bashi da ko ɗaya, sai dai ya yi ta safa da marwa tsakanin ƙofa da ƙurya ko ya ari na wani. Ya yi wa mudir magana yace masa babu kasafi a bana. Ga azumi na matsowa, kuma duk mai harkar kayan abinci a ƙasar nan ya san yadda aiki ke ninkuwa daga Sha'aban.

Juma'a 2 ga Fabrairu 2024: saye

Bayan la'asar ya shiga harajin Sawarikh, kasuwar gwanjon nan ta kudancin Jidda, a wata shimfiɗa tsakanin tsofaffin rimot da cajoji ya ga oba-oba baƙi mai nauyi, gabansa an rubuta Motorola GP340. Ba shi da allo, ba madannan lamba, makunni biyu ne kawai a sama, ɗaya na ƙara ɗaya na tasha 1 zuwa 16, sai eriya gajera mai kauri. Mai kayan ya kunna, fitila ta yi kore ya yi ƙara tit, yace shaggal miya bil miya, wato yana aiki ɗari bisa ɗari. Aka daidaita a riyal 120 har da caja. Bai cire batir ya duba baya ba, bai tambayi VHF ne ko UHF ba, don lokacin ma bai san akwai bambancin ba.

3 zuwa 10 ga Fabrairu: murɗa makunni

Abu na farko da aka gwada shine abun da kowa zai gwada. Na kamfani suna kan tasha 1, shi ma ya sa nasa a 1, ya danna ya yi magana, shiru. Ya bi 2, 3, har 16, direban foklif na tsaye gabansa da nasa a hannu, ba abun da ya fito. Sai suka juya, direban ya yi magana shi yana murɗawa, nan ma shiru. A tasha 7 dai wani lokacin yakan ji wasu mutane can nesa suna magana da Larabci da Urdu kan motoci da ƙofa, ba 'yan sitonsu bane.

Dalilin rashin nasarar bashi da wuya. Lambar tasha ba firikwensi bace, kamar lambar ɗaki ce a otal, ɗaki na 1 a wannan otal ba shine ɗaki na 1 a wancan ba. Wanda ya yi wa na'urar saiti ne ke zuba firikwensin da yake so a ƙarƙashin kowace lamba, toh abun da ke ƙarƙashin 1 ɗin mutumin namu na tsohon mai shi ne, wanda ba wanda ya san ko waye. Kuma irin wannan Motorolar ba a canza mata komai da hannu, dole sai kwamfuta da kebul da manhaja.

A wannan makon ne wani abokin aikinsa ya kalli eriyar yace ai wannan VHF ne, ka yi asara, bazai taɓa magana da Kenwood ɗinmu ba. Maganar tana da tushe, don eriya mai kauri haka yawanci ta VHF ce. Saura kaɗan ya jefa shi a durowa.

11 zuwa 22 ga Fabrairu: kebul biyu, manhaja biyu

Ɗan ƙanwarsa da ke karatun kwamfuta ya karɓi aikin. Ya duba YouTube ya ga ana saita oba-oba da wata manhaja ta kyauta mai suna CHIRP, ya yi odar kebul na riyal 25. Da kebul ya iso sai ga shi mai baki biyu ne irin na iyafis, wanda ke shiga Baofeng da Kenwood. Ita kuwa wannan Motorolar a gefenta faranti ne mai ɗige-ɗigen tagulla da ramin noti, ba rami ko ɗaya da za a cusa wani abu. CHIRP ma da aka buɗe jerin na'urorin da take ɗauka, GP340 baya ciki.

Aka sake odar wani, riyal 45, wannan karon bakinsa daidai, ya zauna a gefe aka ɗaure noti. Aka cusa USB a laftof mai Windows 10, a Device Manager sai ga alamar ruwan ɗorawa da rubutun Code 10. Wannan tsohuwar matsala ce da duk mai harkar ya sani, cikin kan kebul ɗin akwai ƙaramin cip da ke juya USB zuwa siriyal, masu arha da yawa suna ɗauke da jabun Prolific PL2303, su kuma sabbin direbobin Prolific, wato manhajar da ke sa Windows ta gane cip ɗin, basa yarda da jabu ko tsohon samfurin da aka daina yi. Yaron ya nemo tsohon direba ya sa, ya yi aiki, washegari Windows ta yi abdet ta mayar da sabo, aka koma gidan jiya. Sai da ya sake sawa ya hana ta taɓawa sannan COM, wato ƙofar da kwamfuta ke magana da kebul ta ita, ya tsaya.

Daga nan ya samo manhajar Motorola ta GP340, wadda ake kira CPS. Ya danna karantawa, fitilar na'ura ta motsa alamar dai sun gaisa, sai manhajar ta ƙi, ta nuna bata san wannan samfurin ba. Ya canza COM, ya canza laftof, ya sauke wata fitowar ta manhajar, duk amsa ɗaya. Har ya fara maganar wai a yi mata filashin kamar yadda ake wa waya, Allah ya taimaka kawun nasa yace a'a a dakata.

Juma'a 23 ga Fabrairu: an cire batir

A masallacin unguwarsu akwai wani dattijo, Bahaushen Sudan ne ɗan Mai Wurno, ya daɗe yana aiki da wani kamfani da ke girka lasilki, wato oba-oba, wa masu gadi da ma'aikatan gini. Bayan isha mutumin ya kai masa gida da laftof da kebul da komai. Dattijon bai kalli laftof ɗin ba, ya juya na'urar ya zame batir ya haska fitilar waya a bayan injin.

"Ɗan nan, wa ya ce maka wannan GP340 ne?"

"Baba ai gashi a rubuce a gaba."

"Gaba roba ce, riyal nawa ake sayar da ita. Zo ka karanta nan."

Sitikar bayan ta yi baƙi da datti, kuma wata sitikar kadara ta tsohon mai shi ta rufe rabinta, aka ɗaga ta a hankali da reza aka goge da auduga, sai lamba ta fito, ta fara da AZH25RDC9AA3. Dattijon yace da ya ga an kankare lambar da gangan bazai taɓa ba, don kayan sata ake wa haka.

Nan ya zauna ya warware musu lambar harafi-harafi, kuma a nan lamarin duka ya juya. Haruffa biyu na farko yankin da aka yi wa na'urar suke nunawa, AZ na Asiya ne, MD na Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka, AA na Amurka ta Arewa, LA na Latin Amurka. H25 shine dangin na'urar. Harafin da ke biye shine zango, K na nufin VHF daga 136 zuwa 174 MHz, R na nufin UHF daga 403 zuwa 470, akwai kuma S na UHF ɗin sama da ya fara daga 450. Motorola ta fitar da jiki kusan iri ɗaya da suna daban-daban, GP340 a yankin MD, GP328 a Asiya, HT750 a Amurka, shi yasa kes ɗin ɗaya ke shiga ɗaya, masu gyaran gwanjo kuma in tsohon kes ya fashe duk wanda ya zo hannu suke sawa. Da GP340 ne na gaskiya lambar da MDH25 zata fara. Wannan GP328 ne sanye da rigar wani, kuma manhajar kowane yanki bata karanta na wani yankin, balle ma GP340 tsarin kiransa na sauti biyar ne shi kuma GP328 na MDC1200, cikin nasu ba ɗaya ba. Ke nan kebul ɗin yaron lafiyarsa ƙalau, COM ma daidai, manhajar ce ba tata ba.

Sai maganar eriya. Harafin R ya nuna UHF ne, zangon da Kenwood ɗin kamfani suke. Eriyar ce ba tashi ba, ta VHF ce aka ɗaura masa don mazaunin notin nasu iri ɗaya ne. Da K aka gani a wurin, da magana ta ƙare a daren, ba manhajar da zata ɗaga VHF ta kai shi 450.

Dattijon ya ɗauko tsohon laftof ɗin aikinsa mai manhajar yankin Asiya da kebul mai cip ɗin FTDI, ya ce a fara cika batir tukuna, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa ƙwaƙwalwar na'urar na iya lalacewa ta koma sai ƙarar kuskure kawai take yi. Da ya cika aka karanta, cikin ƙasa da minti komai ya fito, lambar samfuri da siriyal na ciki suka yi daidai da na sitika, wanda ya nuna ba jabu bane kuma ba a canza allon ciki ba, ba a kuma sa mata kalmar sirri ba. Kafin ya taɓa komai ya adana fayil ɗin asali da sunan siriyal ɗin, ya tura wa mutumin kwafi a WhatsApp. Tashoshi tara ne a cike, bakwai ba komai.

Dattijon ya tambayi mutumin ko ya danna ya yi magana a waɗannan tashoshin, yace eh, duk ya bi su. Dattijon ya girgiza kai yace kada ya ƙara, firikwensin mutane ne, kuma a Saudiyya hukumar sadarwa CST, wadda kafin 2022 ake ce mata CITC, ita ke raba firikwensi da lasisi, yin magana a inda ba a baka ba laifi ne, mai zama da iƙama, wato takardar izinin zama, kuwa ba shi ya kamata ya ja wa kansa irin wannan ba. Yace bazai zuba masa komai ba sai ya ga takardar kamfani kuma mudir ya sani.

26 da 27 ga Fabrairu: saiti na farko da na biyu

Mudir bai yi gardama ba tunda ba aljihunsa aka taɓa ba, ya bada hoton takardar, ya kuma ce mai bin musu takardu zai duba maganar ƙara na'ura ta biyar a lissafin. Takardar ta nuna firikwensi ɗaya, 450 da wani abu, ana magana ana ji a kansa ba rifita, wato na'urar da ke karɓar murya ta sake watsa ta nesa. Dattijon ya share tsofaffin tashoshin, ya gina sabuwa a abun da manhajar ke kira Conventional Personality, ya ɗora ta a lamba 1, ya bar sauran yadda manhajar ta kawo su, ya rubuta.

Washegari da safe a sito sai ga rabin nasara, yana jin mai gadi da direbobi, su basa jinsa. In ya danna, fitilar Kenwood na kamawa alamar wani na magana, amma lasifika shiru. Muryarsu kuma a wurinsa tana fitowa ƙasa-ƙasa ko ya ƙure ƙara.

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko sautin ƙasa da ke buɗe lasifika. Yawancin na'urorin kamfani ana sa musu wani siririn sauti da ke tafiya ƙarƙashin murya, tsakanin 67.0 da 254.1 Hz, ko wata lamba ta dijital, na'urar bata buɗe baki sai ta ji shi. Sunan gama-gari CTCSS da DCS, Kenwood na ce musu QT da DQT, Motorola kuma PL da DPL, a manhajar ma TPL zaka gani, abu ɗaya ne kowa da sunan da ya raɗa. Na mutumin an bar shi a CSQ, wato yana jin kowa amma baya aika sautin, takardar lasisin kuma bata faɗi sautin ba don wannan zaɓin mai saiti ne. Da yamma dattijon ya biyo ta siton da ƙaramin ma'aunin Surecom SF-401, aka riƙe Kenwood kusa da shi aka danna, allon ya nuna firikwensin daidai da takarda, ƙarƙashinsa 103.5. Aka sa TPL 103.5 a ji da kuma aikawa.

Aka gwada nan take a bayan motarsa, yanzu suna jinsa, amma direban foklif yace muryar na fashewa, in ya ɗaga murya ma sai ta yanke. Wannan shine abu na biyu, faɗin tasha. Sabuwar tashar ta zo a 25 kHz, su Kenwood suna 12.5. Mai faɗi yana lilo da murya har 5 kHz, mai ƙunci 2.5 kawai yake jira, don haka shi yana musu yawa su kuma suna masa kaɗan. Aka mayar 12.5 aka sake rubutawa, murya ta daidaita ta ɓangaren biyu. Dattijon ya kuma sa masa iyakar magana ta daƙiƙa 60, saboda irin mutanen da ke zama kan madanni a kujerar foklif su toshe tashar ba su sani ba.

Makon farko na Maris: eriya da batir

Saiti ya zauna amma nisa babu. Daga ƙofa zuwa tsakiyar sito lafiya, ya wuce layin shinkafa sai tsatsa, a ƙurya kuwa ɗif, alhali Kenwood na kaiwa ko'ina. Eriyar nan ce da aka bari don ba a samu wata ba a daren farko. Tsawon eriya da firikwensi yake tafiya, a 450 MHz tsawon da take buƙata bai wuce santimita 16 zuwa 17 ba, shi yasa ta UHF take siririya miƙaƙƙiya, ta VHF kuwa kusan rabin mita take buƙata sai aka naɗe wayar a cikin roba ta yi kauri. In ka ɗaura wadda ba tata ba, wat 4 ɗin da na'urar ke fitarwa yawancinsa baya fita, komawa yake ciki, bayan na'urar ya yi zafi, a daɗe ana haka kuma transistan ƙarshe ya ƙone. Aka sayo ta UHF mai rubutun 403 zuwa 470 a gindinta, riyal 30. Aka gwada daga ƙurya zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa inda treloli ke layi a waje, duk ana ji tar.

Batir shi ne na ƙarshe. HNN9008 ne irin NiMH, ya tsufa, in ana sauraro kawai yana kai azahar, amma in aiki ya yi zafi ana yawan dannawa baya wuce awa biyu sai ya fara kuka. An gwada sauke shi ƙasa a sake cikawa, bai canza komai ba. Aka sayi sabo irinsa, ba na asali ba, riyal 90, yana kai tashi daga aiki da ɗan saura.

Daga 11 ga Maris 2024

An ɗauki azumi ranar Litinin 11 ga Maris, aikin siton ya koma dare, na'urar ta yi watan gaba ɗaya ba a sake buɗe ta a kwamfuta ba. Ta faɗo daga kan palet sau ɗaya, murfin gefe ya ɓalle, ba abun da ya same ta. Jimillar kuɗin da ya tafi riyal 310, a ciki 25 na kebul ɗin farko asara ne tsantsa, 45 na biyun kuma yana durowa. Dattijon bai karɓi ko halala ba, sai kwalin dabino da aka kai masa ana gobe azumi.

Abun da nake gani

Sati uku cur aka kashe tsakanin saye da ranar da aka cire batir, kuma duk abun da aka yi a tsakanin an gina shi ne a kan rubutun gaban roba da kaurin eriya, biyun kuma ƙarya suka faɗa, ɗaya ya aika yaron neman manhajar da ba ita ba, ɗaya ya kusa sa a jefar da na'ura mai lafiya. Yaron ba wai bai iya ba, maganar direban Prolific shi ya warware ta da kansa, tambayar farko ce ya tsallake. Da aka san lambar, sauran matsalolin kowacce ta zo da alamarta a fili, ina ji ba a jina sauti ne, murya na fashewa faɗi ne, kusa ana ji nesa babu eriya ce, kuma an kama su ne don dattijon abu ɗaya yake canzawa ya gwada kafin ya taɓa na gaba.

Ko cinikin ya yi riba, ni dai rabi da rabi nake gani. Da kuɗin da bai kai rabin 310 ba, da ya samu sabon Baofeng BF-888S, UHF ne shi ma, CHIRP na karanta shi, kebul ɗin farkon ma da ya shiga. Amma a sito mai ƙura da faɗuwa GP328 zai binne irinsu da yawa, muryarsa kuma ta fi fita cikin ƙarar foklif. Inda ban yarda da mutumin ba shine makon nan da ya yi yana magana a tashoshin da bai san na waye ba, da kuma sayen na'ura kafin ya ga takardar lasisin kamfaninsa, sa'a ce kawai ta sa harafin ya zama R.

Bayan sallah mudir da kansa yace a nemo ƙarin biyu a harajin don masu lodin dare. Dattijon ya sa sharaɗi, a cire batir a ɗauki hoton sitika a turo masa kafin a biya. An samu guda biyu a shimfiɗa ɗaya, na farko MDH25RDC ne aka saya, na biyun da ya fi shi kyan jiki aka ga K bayan 25 aka ajiye wa mai shi kayansa, aka ci gaba da neman cikon.